Inda tsohon yayi ya fi sabo tsada

Duk wanda ya taɓa raka mace Kantin Kwari ya san tambayar farko: "Wanne ake yayi yanzu?" Atamfar bara, komai kyanta, sai mai shago ya yi ragi kafin ta fita. A garin da nake zaune a Amurka kuwa, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa ta buɗe ɗan shagon yadi, kuma babu abin da take sayarwa sai zanen da aka daina yayinsa tun kafin a haife ta. Ciniki take yi, ba na wasa ba.

Masu sayenta mata ne masu ɗinka kwilt, wato bargon da ake harhaɗa ƙyallaye a yi samansa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, sannan a bi shi da ɗinki. Ba ta jera kayanta bisa launi ba, bisa zamani ta jera su. Kanta guda ta shekarun yaƙin basasarsu ce, 1861 zuwa 1865: ruwan ƙasa, ja mai duhu, baba, da 'yan mitsi-mitsin furanni. Ta kusa da ita ta shekarun 1930 ce, lokacin da talauci ya sa matan karkara ɗinka riguna da buhun fulawa da na abincin kaji, har kamfanoni suka gane suka fara buga furanni a jikin buhunan don mata su matsa wa mazajensu su sayi nasu. Buhun asali, in ya samu, a ledarsa yake daban da farashinsa. Sauran duk sabon bugu ne: kamfanoni irin su Moda na birnin Dallas sukan samo tsohon ƙyalle, su sake buga zanensa.

A nan ne abin ya tsaya mini a rai. A wurinmu kwaikwayo shi ne na baya: in an ce atamfa ta China ce da aka ɗauko zanen Holan, kowa ya san ta mai ƙaramin ƙarfi ce. Su kuwa a fili suke rubuta cewa kwaikwayo ne, har da shekarun da aka kwaikwayo, kuma yadi ɗaya ya haura dala 10. Mu turmi muke saye, yadi shida cur. Su abin da ya fi tafiya shi ne ɗan yanki mai inci 18 da 22, wanda telan unguwarmu zai jefa a buhun ƙyalle ba tare da ya waiwaya ba.

Kada a ɗauka sana'ar ba ta da haɗari. A 2025 kamfanin sayar da yadi na Joann, mai rassa kusan 800 a faɗin ƙasar, ya rufe gaba ɗaya. Ƙaramin shago ba zai iya gasar farashi da intanet ba, don haka ba yadi kaɗai ke riƙe shi ba. Akwai dogon tebur a baya inda ake koyar da ɗinki a biya, akwai babban keken da ke yi wa mutane ɗinkin ƙarshe, akwai masu biyan kuɗin wata-wata a ba su yankan da za su haɗa har shekara ta zagayo bargo ya cika. Ga kuma hira, wadda ita ba sai an koya mana ba. Ɗinkin kwilt ya yi ƙarfin da garin Paducah na jihar Kentucky ke da gidan tarihin kwilt tun 1991, kuma duk shekara ana yi masa tururuwa.

Ba cewa nake a je Kano a buɗe shagon kwilt ba. Sanyinmu na 'yan watannin hunturu ne, bargon kasuwa da araha, kuma wannan aiki ne na wanda ya ƙoshi yake da lokaci. Abin da nake kishi shi ne ajiya. Matar nan tana iya ɗaga ƙyalle ta gaya maka zamaninsa, don an adana, an rubuta. Mu fa? Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata, aka yi shekaru ana fitar da yadi da atamfa. Masaƙun sun mutu. Wa zai iya nuna maka zanen atamfar da aka yi lefen uwarsa da ita, da sunan da mata suka raɗa mata? Kamfanin atamfa na Vlisco, da aka kafa a Helmond ta ƙasar Holan a 1846, yana da rumbun tsofaffin zanensa, yakan sake fito da su, mu kuma mu yi layi. Ashe muna son tsohon yayi, sai dai in Bature ne ya tuna mana.

Zanin iyayenmu kuwa hanyarsa ɗaya ce: daga akwati ya koma zanin goyo, daga nan shimfiɗar jariri, ƙarshe tsumman goge ɗaki. Ban ga laifinsu ba, amfani aka yi da shi har ya ƙare. Gwado da saƙi ma haka suke ɓacewa, sai ka gan su a gidan tarihin Turai da lamba a jiki.

Da ina da jari a gida, ba da hayar shago zan fara ba. Gidajen tsofaffi zan bi, in roƙi Hajiyoyi su buɗe akwati da adudu, in ɗauki hoton kowane zani har da rubutun bakinsa, in tambayi sunansa da bikin da aka yi ankonsa. In an tara ɗari biyu ko uku, sai a zaɓi goma a nemi mai bugawa, a kai wa masu haɗa lefe da 'yan'uwanmu na waje, waɗanda kullum suke aike a sayo musu "irin na Inna".