Yana hawa tudu kuwa?

Tun da na fara zuwa aiki da babur mai caji, babu tambayar da ake yi mini kamar wannan. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni. Rannan wani dattijo ya tsayar da ni a Ƙofar Soro, ya zagaya babur ɗin yana neman salansa bai gani ba, sannan ya ce, "Yaro, yana hawa tudu kuwa?" Na ce, "Baba, wane tudun? Katsina fa muke." Daga Ƙofar Guga har Batagarawa ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma. Hawan da nake yi a rana bai wuce fitowa daga ƙarƙashin gadar Ƙofar Ƙaura ba, shi kuwa ko keke mai feda ya san da zamansa.

In ma tudun ne abin tsoro, a dubi Kigali, babban birnin Ruwanda. Ƙasar da ake yi wa kirari da mai tuddai dubu, amma da yawa daga cikin 'yan acaɓarsu da baburan lantarki suke hawa da gangara da fasinja, har daga farkon 2025 hukuma ta daina yi wa sabbin baburan haya masu shan fetur rajista a birnin. To, abin da ya hau tudun Kigali ba hanyar Dutsin-Ma ce za ta gagare shi ba. Sai dai fa nasu da namu ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Namu tudun a nan yashi ne. Wanda ke zaune bakin kwalta ba zai gane ba, amma mu na sababbin unguwanni mun sani. Daga ƙofar gidana zuwa titi akwai wani lungu da rairayi ya cika, da rani taya nutsewa take yi. Tudu in ka hau za ka gangaro, injin ya huta. Yashi hawa ne da babu gangara. Yawancin baburan da ake kawo mana injinsu a cikin tayar baya yake, babu giya, don haka in tafiya ta yi nauyi kuma gudu ya ragu, wutar da yake ja zafi take zama. Za ka ga layukan cajin da ke kan allo sun faɗi biyu a take, kana hawa kwalta ɗaya ya dawo.

Na koyi wannan da jikina. Wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, na goyo uwargida daga kasuwa, ga rabin buhun gero a gabana. Muna shiga lungun nan na murɗa totur har ƙarshe, abin ya yi gurnani, ya ɗauke. Na sa hannu a tayar baya, wallahi kamar murfin tukunya. Hajiya ta sauka ba ta ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo, ni kuma na tura babur, yara suna biye da ni suna "NEPA ta ɗauke!" Bayan ya huce ya tashi lafiya lau. Laifina ne, ba nasa ba: na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ciniki. Mutum zai shiga shago ya tsaya kan launi da fitila da lasifikar da ke jikin babur, ya manta da batir, alhali batirin shi ne babur ɗin. Mai shago zai faɗa maka kilomitocin da yake yi da caji ɗaya, ba zai ce maka lissafin mutum ɗaya ne mara jiki, a kan kwalta, da sabon batir ba. Ka tambayi abu uku kafin ka zaro kuɗi: batirin na dalma ne ko na litiyom, bolt nawa ne, kuma in ya mutu a ina ake samun wani. Na dalma ya fi araha amma nauyi gare shi, zafi na cin ransa da wuri, kuma in kana ƙarar da shi ƙaf kullum ba zai daɗe ba. Ko wane iri ne, kada ka jona shi kana dawowa daga rana, bari ya sha iska tukuna.

Duk da haka ban yi nadama ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa haura dubu. Batirina bolt 60 ne, amfiya 20, wato kusan yunit ɗaya da ɗigo biyu na wuta. Ko da asarar caja, cika shi bai kai kuɗin rabin lita ba, kuma yana kai ni ofis ya dawo da ni. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba layin gidan mai.

Inda gizo ke saƙa shi ne wutar kanta. Ma'aikaci irina zai iya jira a kawo da tsakar dare, ko ya roƙi maƙwabci mai sola. Ɗan acaɓa ba zai ajiye babur awa shida ko bakwai yana kallon fasinja na wucewa ba. Abin da ya sa na Kigali suka yi nasara ke nan: kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun buɗe tashoshin musayar batir, ka ajiye wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Shi ya sa in na ji ana maganar raba wa matasa baburan caji nake cewa a fara da rumfunan sola a bakin Babbar Kasuwa da tashoshin mota, a kuma koya wa bakanikenmu gyaran wannan inji, don har yanzu in ka kai musu sai su tsaya neman kafireto.

Lungun namu kuwa, na daina yi masa taurin kai. In na zo da goyo, a bakin yashin nake tsayawa, Hajiya ta taka, ni in lallaɓa ta gefen katanga inda ƙasar ta fi tauri.