Babur mai lantarki zai yi mana rana, amma a ina ɗan Zango zai yi caji?

Duk mai hawa babur a Accra bai manta ƙarshen 2022 ba, lokacin da litar fetur ta kusa sidi 18, ɗan okada ya wuni a titi ya koma gida da abin da bai kai kuɗin cefane ba. Tun daga nan maganar babur mai lantarki ta shiga majalisun shayi a unguwannin Zango na Nima da Maamobi. Ina cikin masu goyon bayansa, kuma lissafi ne ya sa ni.

Ƙaramin babur mai batirin bolt 60 da amfiya 20 yana shan wuta yunit ɗaya da ɗan ɗoriya kafin ya cika, ya kai mutum kilomita 40 zuwa 50. Tafiyar da litar fetur ke yi ke nan a babur ɗin da muka saba, alhali kuɗin yunit bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin lita ba. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi. Malamin makaranta da ke tashi daga Nima zuwa Madina, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba, zai je ya dawo da caji ɗaya. Sai dai kada a ruɗu da nisan da aka buga a takardar talla. Goyo, hawan tudu, gudu da tsufan batiri duk suna cin rabonsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin caji. Mai tallan babur yana magana kamar kowa na da gareji da soket ɗinsa. Mu kuwa gidan haya muke, ɗaki goma ko fiye a kan mita ɗaya, ana raba kuɗin wuta da ƙirgen ƙwai da fanka da firiji. Gidan da ake cacar baki a kan dutsen guga, yaya za a kwashe in wani ya jona babur awa shida zuwa takwas kowane dare? Da safe za ka ji hajiya mai gida tana cewa, "Ɗana, kati ya ƙare, kuma mun san wanda ya shanye shi." Ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, zargin ya isa ya ɓata zaman tare. Wani lungun ma babur ba ya shiga, sai a cire batiri a kai shi ɗakin da yara ke kwance, a jona a wayar da aka yi wa faci sau da dama. Wannan ne ke tayar mini da hankali. Batirin litiyam mara inganci in ya kama da wuta, kashe shi aiki ne, kuma rufin gidajenmu a haɗe yake.

Mai neman sauƙi zai koma ga batirin dalma. Araha ba ta ado: yana da nauyi, kuma bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar ya fara sanyi, wato mai hawa kullum zai sake saye cikin shekara ɗaya ko biyu. Na litiyam mai kyau ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, amma shi ne kaso mafi tsada a jikin babur.

Shi ya sa nake ganin tsarin musanyar batiri ya fi dacewa da mu. Kamfanin Kofa ya fara shi a Accra: ka ajiye wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ka biya ta waya. Batirin ba naka ba ne, saboda haka tsufansa ba a wuyanka yake ba, caji kuma ya fita daga ɗakin kwana. Ga ɗan okada da ke cin kilomita fiye da ɗari a yini, ban ga wata hanya ba, don ba zai ajiye babur da tsakar rana yana jiran caji ba. In dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya dawo kuma, ya fi sauƙi a sa wa tasha ɗaya faifan hasken rana da a bi gida-gida.

Gwamnati ta ƙaddamar da manufar motocin lantarki ta ƙasa a Disambar 2023, Shugaba John Mahama kuma ya yi alkawarin halatta okada tun a yaƙin neman zaɓe. To, yaranmu ne a kan baburan nan. Ya kamata sarakunan Zango da 'yan majalisar Ayawaso da Madina su nemi a kafa tasoshin musanya a cikin unguwanninmu, a kan tudu inda ambaliyar damina ba ta kaiwa, kada su tsaya a unguwannin masu hali irin su Osu da East Legon kawai. Hukumar kula da ingancin kaya ta tsare tashar jirgin ruwa ta Tema daga tarkacen batiri. A kuma ɗebi yaran da ke koyon gyaran babur a bakin titin Nima a koya musu aikin batiri da na'urar sarrafa wuta tun yanzu, domin wanda ya iya wanke kafireto kaɗai zai rasa abin taɓawa a jikin wannan babur.