Kifin da aka saka a tekun Legas, ina ya ƙare?

Mu da muka taso a bakin kogi mun saba da tarwaɗa. Ka bar ta a kwano rabin yini, da ka mayar da ita ruwa sai ta kaɗa jela ta yi gaba. Shi ya sa da wani abokina a Agege ya nuna mini bidiyon masu kamun kifi don nishaɗi da ke fita teku daga Lekki, suna ciro kifi, su ɗauki hoto, su jefa shi ruwa, sai ya ce, "Malam, ka ga masu tausayi." Na ce masa da sauran magana.

Da yawa daga cikin kifayen da ke zaune can ƙasan teku suna da jakar iska a ciki, ita ke daidaita musu nutso da tasowa. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a tudu. Don haka kifin da aka fizgo daga mita 30, iskar cikinsa na iya kumbura har ninki huɗu kafin ya iso sama. Jakar ta fashe, tumbi ya leƙo ta baki, idanu su firfito. In an jefa shi haka, sai ya yi ta yawo ciki sama, ya kasa nutsewa, har tsuntsu ko babban kifi ya gama da shi. Kyamara kuwa an riga an kashe ta.

Masuntan Makoko da Epe ba su cika gamuwa da wannan ba, domin tafkin Legas ba shi da zurfi. Matsalar tana can cikin teku.

Maganin ba tsada gare shi ba. A Amurka, dokar DESCEND ta 2020 ta wajabta wa masu kamun irin waɗannan kifaye a Tekun Meksiko su riƙe abin mayar da kifi ƙasa ko allurar sace iskar. Na fi amincewa da na farko: dalma mai nauyi da ƙugiya marar ƙaya, a maƙala a leɓe, a zura kifin zuwa zurfi, matsin ruwa ya mayar da iskar yadda take. Kowane maƙeri zai iya haɗa shi. Allura kuwa, a hannun wanda bai iya ba, hanji take hudawa.

Amma kada mu tsaya kan masu ƙugiya. Manyan jiragen da ke jan raga a ƙasan teku suna kwaso ƙananan kifaye tuli, waɗanda suke murƙushewa tun cikin raga, babu dalmar da za ta cece su. Doka ta hana su jan raga cikin mil biyar daga gaɓa, sai dai doka a takarda ba ta sintiri. Nan ne ya kamata cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island da hukumar kula da kamun kifi su matsa: a auna idon raga tun jirgi bai bar tasha ba, a kuma ƙirga abin da ake zubarwa kafin ya dawo.