Gutsattsarin ƙwaƙwalwar kwamfuta ba kayan gyaran mota ba ne

Wani labari ya ce tunda yanzu gutsure-gutsure ake haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato processor, za a riƙa cire wanda ya lalace a sa sabo. Ban yarda ba. Gyaran kwamfuta nake yi a Jidda, na taɓa ɓare murfin Ryzen, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin AMD, da hannuna, gutsattsarin a liƙe suke ƙam. Abin da AMD ta nema tun 2019 rage asara ne a masana'anta: in aibi ya fito, ɗan gutsure ɗaya za a yar. EPYC, ƙwaƙwalwar AMD ta manyan kwamfutoci, mai cibiyar lissafi 64 ma gutsure takwas ne, na tara yana kula da shige da ficen bayanai. Wanda ake sauya wa aiki bayan an saya kuwa FPGA ne, wani nau'in guntun lantarki daban, irin na kamfanin Xilinx. Malam marubuci, wanne kake nufi?