Kakin soja ba kayan yawon shaƙatawa ba ne

Jama'a, akwai wani ƙorafi da ya yawaita a bakin masu tafiya yawon buɗe ido a manyan jiragen ruwa, har 'yan'uwanmu mazauna Amurka, Kanada da Ingila sun fara ara suna yafawa. Wai don me mutum zai biya kuɗinsa, ya sauka a wani ɗan tsibiri a yankin Karebiyan, a ce masa ba zai shiga gari da wando ko hula mai dabbare-dabbaren kakin soja ba? Wasu na cewa ƙauyanci ne, wasu na cewa neman tara ne kawai. Ni dai ina bayan tsibiran nan, kuma a ganina mu da muka fito daga wannan yanki na Afirka mu ne ya kamata mu fi kowa saurin gane dalilinsu.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. A Barbados, Jamaika, Trinidad da Tobago, Girenada, Dominika, Saint Lucia, Saint Vincent, da Antigua da Barbuda, laifi ne farar hula ya sanya tufa mai zanen kakin soja. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, a shawarwarin da take bai wa matafiya zuwa waɗannan ƙasashe, ta faɗa a fili cewa hanin ya haɗa har da yara. Kuma bai tsaya ga riga da wando ba. Hular hana-sallah, jakar goyo, gajeren wandon iyo, duk sukan shiga ciki. A Trinidad har shigo da yadin kansa an hana.

Su kuwa waɗannan jirage gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a watan Janairun 2024, yana iya ɗibar mutum 7,600 ban da ma'aikata. Irinsu suna tafiya da dare, gari na wayewa sun ɗaure a wata tashar. Yau Bridgetown ta Barbados, gobe Castries ta Saint Lucia, jibi St. George's ta Girenada. A cikin jirgi galibi ba mai ce maka kanzil kan tufarka. Amma da ka miƙa katinka aka duba a bakin ƙofa, ka gangaro matakala, zafin rana ya dake ka, direbobin tasi suka fara ɗaga maka hannu daga bayan shinge, to ka bar dokar jirgi ka shiga ta wata ƙasa mai tutarta da majalisarta. A nan ne jami'i zai tare ka ya nuna wandonka. In an yi maka sauƙi, ka koma ɗakinka ka canza. In ba a yi ba, a karɓe kayan, kuma doka ta ba su damar kai maganar gaban kotu.

Na san daga inda saɓanin yake tasowa. A Amurka wannan zanen tufar maharba barewa ce, tufar 'yan gayu ce, ana sayar da ita a kowane kanti har da ta jarirai. Mutumin da ya taso a Texas ko Georgia bai taɓa kallon wandon nan ya ji gabansa ya faɗi ba. Sojan ƙasarsa yana can nesa a bariki ko a wata nahiyar. Bai taɓa farkawa ya kunna rediyo ya ji wani mai kaki yana sanar da cewa an rushe gwamnati ba.

Mutanen Karebiyan sun ji, kuma ba a zamanin kakanni ba.

Ɗauki Girenada, ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 344 ba. A ranar 13 ga Maris 1979, wasu 'yan tsirarun mutane ɗauke da makamai a ƙarƙashin Maurice Bishop suka afka wa barikin soja da asuba, suka kama gidan rediyo, suka kifar da gwamnatin Eric Gairy lokacin yana ƙasar waje. Bayan shekara huɗu rikici ya ɓarke a cikin gwamnatin juyin kanta. Ranar 19 ga Oktoba 1983 aka jera Bishop da wasu ministocinsa a jikin bango a Fort Rupert aka harbe su. Ranar 25 ga wannan watan sojojin Amurka suka sauka a tsibirin. Wannan ganuwar, wadda yanzu ake kira Fort George, tana kan tudu tana kallon tashar da jiragen shaƙatawa ke tsayawa. Dattijuwar da ke sayar maka da kayan ƙamshi a kasuwar St. George's, wataƙila tana budurwa ta ji ƙarar harbin da kunnenta. Sai kai ka zo daga jirgi da rigar soja don ado, ka ce ita ce ba ta waye ba?

A Dominika kuwa, a 1981, wasu sojojin haya daga Amurka da Kanada, cikinsu har da 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, suka shirya shiga jirgin ruwa su je su kifar da gwamnatin Eugenia Charles. A kusa da New Orleans aka cafke su da makamansu kafin su tashi. Ku lura da kyau: baƙi ne, ta ruwa za su zo, kuma 'yan ƙalilan ne, amma sun yi lissafin cewa sun isa su ƙwace ƙasa guda. A wannan shekarar Dominika ta rushe rundunar sojanta gaba ɗaya saboda an samu hannun wasu jami'anta a makircin.

Na Trinidad ya fi kusa da mu a lokaci. Ranar 27 ga Yuli 1990, mutum ɗari da 'yan kai na ƙungiyar Jamaat al Muslimeen a ƙarƙashin Yasin Abu Bakr suka kutsa ginin majalisa da ake kira Red House da gidan talabijin na ƙasa. Suka yi garkuwa da Firayim Minista A.N.R. Robinson, suka harbe shi a ƙafa. Kwana shida ana abu ɗaya, mutum 24 suka rasa rayukansu, aka wawashe shaguna a Port of Spain. Sunan ƙungiyar bai kamata ya sa mu kau da kai ba. Abin da ya faru ya faru, kuma mutanen ƙasar, Musulminsu da Kiristansu da Hindunsu, duk sun ɗanɗana.

Kowace ƙasa da lokacin da ta yi tata dokar, amma tsoron da ke ƙarƙashinsu guda ne: a ƙaramar ƙasa, mutum hamsin da suka yi kama da hukuma suna iya zama hukumar kafin la'asar. Wasu daga cikin tsibiran nan, irin su Saint Lucia da Girenada da Dominika, ba su da soja ma sam. 'Yan sanda ne, da wani sashe na musamman a cikinsu da ke sanya irin wannan kaki. Don haka ne wasu tsibiran yankin suka haɗu suka kafa tsarin tsaron haɗin gwiwa a 1982, mai hedikwata a Barbados, Girenada kuma ta shiga a 1985. A irin wannan wuri kakin ba ado ba ne, shaida ce da ke gaya wa talaka wanda zai tsaya wa in an ce tsaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To mu fa? Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Gwari ko ta Funtuwa zuwa Gusau da almuru ya san abin da nake nufi. Direba ya hango tocila ana kaɗawa, fitilar mota ta hasko dabbare-dabbaren kaki, hira ta ɗauke a cikin mota, wata baiwar Allah a baya ta fara salati ƙasa-ƙasa. A cikin daƙiƙa biyu direban zai yanke shawara: ya taka birki ko ya taka totur. Abin da kawai yake da shi na hujja shi ne tufar da ya gani. In sojan gaske ne ya ƙi tsayawa, a buɗe masa wuta. In ɗan bindiga ne ya tsaya, sai daji. Daren 14 ga Afrilu 2014, waɗanda suka kwashe ɗalibai mata 276 a Chibok sun zo ne da shigar sojoji, suka ce wa yaran sun zo kare su ne. Yaran sun fito saboda sun yarda da kakin. Ba na jin akwai wanda ya san wannan labarin da zai ce zanen tufa ba komai ba ne. Gana ma ta hana farar hula amfani da kayan soja tun 1967.

Akwai hujjar da masu ƙorafi ke kawowa wadda ba zan yi watsi da ita ba. Suna cewa, to mun ji, amma wa zai ga jaririya da riga mai dabbare-dabbare ruwan hoda ya ɗauka soja ce? Gaskiya ne, babu. Sai dai ku yi tunanin jami'in da ke tsaye a tasha, mutum dubu huɗu ko biyar na sauka cikin awa biyu. In doka ta ce an hana wanda ya yi kama da na soja sosai, an yarda da wanda bai yi kama sosai ba, wa zai auna kamar? Shi jami'in. Kuma mun san abin da ke biyo baya in aka bar wa jami'i awo da idonsa: Bature ya wuce, baƙar fata ya tsaya, mai ɗan abin hannu ya wuce, marar shi ya tsaya. Dokar da ta hana kowa ta fi yi wa irinmu adalci fiye da wadda ta dogara ga ganin dama. Suna kuma cewa ɗan fashi ba ya neman izinin doka kafin ya sa kaki. Haka ne. Amma inda babu kowa da kakin a titi, duk wanda aka gani da shi zai fita daban, kuma ɗan sanda yana da hurumin tambayarsa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne sautin ƙorafin. A ƙarƙashinsa akwai tunanin cewa tunda tattalin arzikin tsibiran ya jingina ga baƙi, to baƙo ya sayi haƙƙin yin yadda ya so. Waɗannan mutane akasarinsu jikokin waɗanda aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma ne aka sa su noman rake ba lada. Jamaika da Trinidad sun samu 'yanci a 1962, Barbados a 1966, Girenada a 1974, Antigua sai 1981. Barbados sai a watan Nuwamban 2021 ta sauke sarautar Ingila daga kanta ta zama jamhuriya. Mutumin da zai yi awa takwas a ƙasarsu, ya ci abincin rana ma a cikin jirgi, ba shi ne zai tsara musu abin da ya dace su ji tsoro ba. In Bature ya yi wannan girman kan, na san inda ya gado shi. Ɗan Kano ko ɗan Damagaram da ya samu takardar zama a Houston, shi kuma daga ina?

Kamfanonin jiragen ma suna da nasu laifin. Suna rubuta gargaɗin, amma sau da yawa yana can cikin dogon bayanin da ba kowa ke karantawa ba, ko a takardar shirin gobe da ake ajiyewa a ɗaki bayan mutum ya riga ya haɗo akwatinsa daga gida. Wanda ya iya tuna maka sau goma ka sayi tikitin yawon gari, ya iya gaya maka wannan tun ranar da ka biya kuɗi.

Ga 'yan'uwanmu masu koren fasfo, ku sani lissafinku ba ɗaya ba ne da na Ba'amurke. Jirgi yana da lokacin tashi kuma ba ya jiran wanda ya makara a gari. In gardama ta kai ka ofishin 'yan sanda har jirgi ya ɗaga, Ba'amurke zai hau jirgin sama ya koma gida. Kai kuwa sai ka fara lissafin biza, da ta inda za ka bi, da abin da za a rubuta a kanka wanda zai biyo ka duk ranar da ka je sabunta takarda. Kafin ka rufe akwati, duba sunan kowace tasha da jirgin zai tsaya, ka duba kayan yara musamman, don su ne aka fi saya wa irin wannan. 'Yar shara mai sauƙi ko wando na auduga sun fi dacewa da zafin can ma.

Inda nake so mu koya daga gare su kuwa shi ne yadda ake zartarwa. Goyon bayan dokar bai sa na goyi bayan abin da ake yi da sunanta a gida ba. A watan Fabrairun 2017 a Onitsha, wasu sojoji biyu suka jawo wani mai lalurar ƙafa daga kan kekensa suka yi ta dukansa a bainar jama'a saboda ya sa kaki. Bidiyon ya zagaya ƙasa, rundunar soja ta rage musu muƙami ta ɗaure su kwana 21. Wannan an ɗauka a waya ne shi ya sa aka ji. Nawa aka tuɓe a kasuwa, aka sa su tsallen kwaɗo ko birgima a kwata, a kan wandon gwanjo da ba su ma san laifi ba ne? Alhali sashe na 110 na kundin laifuffukan Najeriya da ake kira Criminal Code ɗaurin wata ɗaya ya tanada ko tarar naira goma, kuma alƙali ne zai yanke, ba mai bulala ba. Tarar naira goma a yau ta nuna majalisa ta manta da dokar, ta bar wa sojan bakin hanya ya cike gurbin da hannunsa. Ya kamata a sake rubuta ta, a fayyace abin da aka hana, a tare dilolin gwanjon tun daga tashar Apapa da kan iyaka, a sanar a rediyo da Hausa da sauran harsuna, wanda aka kama kuma a karɓe kayan a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da an taɓa lafiyarsa ba.