An yi wa maniyyaci allurar sanƙarau, ɗan makarantar kwana fa?

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai ya san ba a jayayya kan allurar sanƙarau. Dattijon da ke korar masu riga-kafi daga ƙofar gidansa, shi ne zai naɗe hannun riga da kansa, domin Saudiyya ba ta karɓar mahajjaci sai da shaidar allurar, kuma ta ƙara tsananta sharaɗin bayan cutar ta ɓarke a Hajjin 2000 da 2001. Dalilinsu a fili yake: jama'a sun taru daga ko'ina, suna kwana wuri ɗaya, suna shaƙar numfashin juna.

To, ina bambancin wannan da ɗakin kwanan ɗalibai? Ka leƙa makarantar kwana a watan Janairu. Gadaje masu bene a jere kamar an haɗa su da gam, an toshe tagogi da kwali saboda sanyi, kofi ɗaya a bakin randa, wannan na tari wancan na atishawa. Ƙwayar cutar tana zama ne a hanci da maƙogwaro, kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita ba tare da ya kwanta ba, kuma samari da 'yan mata su ne suka fi yawan ɗaukarta. Sai hunturu ya busar da maƙogwaro, ƙura ta kakkarce shi, ƙwayar ta samu hanyar shiga jini har ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Yaron da ya ci tuwon dare da ƙafarsa, gobe i warhaka ana iya yi masa sallah. A farkon 2024 mun ga haka a makarantun kwana na Potiskum da maƙwabtanta a Jihar Yobe, iyaye suka riƙa zuwa suna kwashe 'ya'yansu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin abin yana nan. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Najeriya a 2011, kuma ta kusan shafe nau'in ƙwayar cutar da ake kira A, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan a 1996. Sai dai da A ya kauce, C ya shigo fage. Shi ya addabi Yamai a 2015, shi ya kashe sama da mutum 1,000 a 2017, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Wanda aka yi wa waccan allurar yana ƙarami, yanzu ya zama saurayi, uwarsa na cewa "ai an yi masa", alhali ba ta kare shi daga C. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kariya daga nau'i biyar, A da C da W da X da Y, kuma 'yan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa.

Amma yaushe ake kawo ta? Galibi sai an fara jana'iza. Allura kuma tana buƙatar kwana goma zuwa mako biyu kafin jiki ya yi ƙarfin kariya. Wannan ihu ne bayan hari. Jariri yana da katinsa da ranar awonsa, shi kuwa ɗan shekara 16 ba mai nemansa a asibiti sai ya faɗi.

Na san akwai masu ɗari-ɗari, kuma ba zan raina su ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a lokacin annobar 1996 ba. Amma wancan magani ne da aka gwada kan marasa lafiya, ba riga-kafi ba, kuma miliyoyin da aka yi wa MenAfriVac suna nan sun yi aure sun hayayyafa.

Shawarata ga gwamnonin Arewa ita ce a mayar da allurar cikin kayan komawa makaranta, kamar katifa da bokiti, a yi ta kyauta a bakin ƙofa a zangon Satumba, kafin iska ta juya. Haka a jami'o'i, da sansanonin masu bautar ƙasa, da tsangayu, inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar almajirai fiye da ƙima. Malamin tsangaya ba zai ƙi ba idan hakimi ya zo masa da kansa.

Kafin nan, shugabannin makarantu su ja kunnen masu kula da ɗakunan kwana. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, ga wuya ya sanƙare ko ido ya ƙi haske, ba na farasitamol ba ne, ba kuma na "bari mu gani zuwa safe" ba. A sa yaron a mota a daren, a kira iyayensa a hanya.