Kafin ka ce a ba kowa bindiga

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Duk ranar da aka kai hari a Zamfara ko Katsina ko Sokoto, kana buɗe Facebook abin da za ka fara cin karo da shi shi ne a ba kowa bindiga kawai a huta. Wallahi na fahimci zafin, wanda aka kashe wa uba a gona ko aka sace wa ƙanwa ba ka da bakin ce masa ya yi sanyi, kuma Musulunci bai hana mutum kare kansa ba, wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne. Amma dan Allah mu ɗan tsaya mu tuna yadda aka yi muka zo nan.

Ai an taɓa gwada maganar. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'ar Zamfara su nemi lasisin riƙe bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, sai babban hafsan tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, don dokar makamai ta tarayya ce. Toh ko da an raba ɗin, manomin da ke neman kuɗin taki shi zai sayi bindiga da harsashi? Masu kuɗi da 'yan siyasa ne za su kwashe su miƙa wa yaransu, yaran da muka san me suke sha kuma muka san me suke yi ranar zaɓe da adda da gora kawai, ina kuma ga AK.

Wasu kuma sai su ce ai Amurka kowa na da ita. Eh haka ne, kuma a shekarun nan sama da mutum dubu 40 bindiga ke kashewa a can duk shekara, fiye da rabi su ne suka harbe kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne mun manta wannan wutar ba da AK ta fara ba. Burtali aka noma, filayen kiwo aka yayyanka aka raba wa manya, saniya ta shiga gona a je gaban alƙali ko ɗan sanda ko mai gari a tatse mai shanu har ya sayar da rabin garkensa, a gefe guda ɓarayin shanu na cin karensu ba babbaka, manomi ya kai ƙara ba a yi komai ba. Sai 'yan sa-kai suka tashi, da yawansu da kyakkyawar niyya, amma aka wayi gari ana kama mutum a tsakiyar kasuwa a yanka shi ba shari'a ba shaida saboda kawai Bafulatani ne. Ɗansa na kallo, ya shige daji. Daidai lokacin Libiya ta wargaje a 2011 makamai suka kwararo ta Nijar, ga zinare da ake haƙa a Anka da Maru, ga kuɗin fansa. Ramuwa ta koma sana'a. Ban faɗi haka don wanke ɗan bindiga ba, wanda ya kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021 azzalumi ne, babu wani uzuri da zai tsaya masa gaban Allah.

Sannan mu daina yarda ana ce mana wai rikicin addini ne. Wane addinin? A Mazakuka ta ƙaramar hukumar Mashegu a jihar Neja cikin masallaci aka harbe mutane suna sallar asuba a 2021, kuma masu harbin ka tambaye su sunansu za ka ji irin namu ne. Rashin addinin ne ma, yaro ya tashi a daji ba allo ba boko, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa a suratul Ma'ida Allah ya ce wanda ya kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane ne gaba ɗaya. Mu kuma da muka yi karatun, mun san Annabi (SAW) ya hana ko nuna ɗan uwanka da makami, don ba ka sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunka, amma mu ne ke tura bidiyon gawa muna rubuta a gama da su duka.

In da gaske kake son kare garinku, akwai Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a 2024 da rundunar tsaron al'umma ta Katsina tun 2023, suna da nasu kurakuran amma dai akwai rajista, akwai wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Kuma ka duba cikin gida, wa ke kai musu fetur da burodi da ƙwaya da katin waya, wa ke buga waya ya ce wane ya sayar da hatsi yau akwai kuɗi a ɗakinsa? Ba daga daji yake zuwa ba, sau da yawa tare kuke zama a majalisa ɗaya kuna shan shayi, kuma shi ma in aka fara raba fom ɗin zai shiga layi ya karɓi nasa.